Ƙungiyoyin Masu Barin Shaye-Shaye: Daga Ina Suka Fito, Yaya Suke Aiki? Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin nan su ne ke yawan fitowa daga bakin iyayen da 'ya'yansu suka faɗa shaye-shaye, da matan aure, da malaman da ake kawo wa ƙara, da su kansu masu neman mafita. Galibin labarin a Amurka ya faru, don haka can za mu fi daɗewa. Inda zancen ya taɓo mu kai tsaye, za a gani.

Mece ce ƙungiyar taimakon juna, kuma ina bambancinta da asibiti?

Zama ne na mutanen da jaraba iri ɗaya ta kama, ta giya ko ƙwaya ko caca. Suna haɗuwa a kai a kai, kowa ya ba da labarin kansa, saura su saurara. Ba likita a gaba, ba kuɗin shiga, ba rajista. Wanda ya shekara biyar bai sha ba yana zaune kafaɗa da kafaɗa da wanda jiya ma ya sha. A yawancin tarukan ba a katse mai magana, ba a kuma bin sa da wa'azi idan ya gama.

Asibiti aikinsa daban ne. Shi ke fitar da mutum daga wahalar da jiki ke shiga idan an yanke shan, ya duba hanta da ƙwaƙwalwa, ya ba da magani, bayan 'yan makonni ya sallame shi. Amfanin ƙungiya yana fitowa ne daga ranar sallamar, lokacin da mutum ya dawo unguwa ya tarar da majalisarsu tana nan inda ya bar ta, dilan ma bai canza lamba ba.

An ce wasu Amurkawa biyu ne suka ƙirƙiro abin a 1935. Kafin su babu komai?

Akwai, da daɗewa ma. A 1799 wani ɗan ƙabilar Seneca, cikin jajayen Indiyawan Amurka, mai suna Handsome Lake, wanda giya ta kusa kai shi kabari, ya tashi daga jinya ya shiga kiran mutanensa su bar barasar da Turawa suka kawo musu. Koyarwarsa tana nan da mabiyanta har yau. A Ailan kuma wani limamin Katolika, Theobald Mathew, ya fara ɗaukar wa mutane alkawarin barin giya a garin Cork a 1838, cikin 'yan shekaru miliyoyi suka ɗauka. A Janeba ta ƙasar Suwizalan wani fasto, Louis-Lucien Rochat, ya kafa ƙungiyar Croix-Bleue a 1877.

Wadda ta fi kama da abin da muka sani yau ita ce ta Baltimore. A watan Afrilun 1840 wasu abokan shan giya shida, masu sana'ar hannu, ciki har da tela da kafinta da maƙeri, suka yi shawara a cikin mashayar da suka saba zama cewa za su daina. Suka sa wa ƙungiyarsu sunan George Washington. Sabon abin da suka zo da shi shi ne, a taronsu mashayi ne ke tashi ya yi magana, ba fasto ko likita ba, kuma tarihin kansa yake bayarwa. Dubban ɗaruruwa suka sa hannu a takardar alkawarinsu. Abraham Lincoln, tun yana lauya a Springfield, ya yi musu jawabi a watan Fabrairun 1842.

To ina ƙungiyar Washington ɗin ta shiga?

Ba ta kai shekara goma da ƙarfinta ba. Ta buɗe ƙofa ga kowa, har waɗanda ba su taɓa sha ba, sai 'yan siyasa da masu fafutukar haramta giya suka cika ta. Aka shiga gardama kan dokar hana sayar da barasa, da batun 'yanta bayi, da matsayin coci. Wasu masu jawabinta suka zama taurari ana biyan su, idan ɗaya ya koma sha sai jaridu su ɗauka, mutuncin ƙungiyar duka ya zube. Mashayin da aka kafa abin dominsa ya rasa wurin zama.

Shekara ɗari bayan haka waɗanda suka kafa AA, wato ƙungiyar barin giya ta Alcoholics Anonymous, sun karanta wannan tarihi, kuma ya tsorata su. Yawancin ƙa'idojin da aka yi bayaninsu a tambayar ɓoye suna da ke ƙasa, daga wannan tsoron suka fito.

Shaye-shaye cuta ce ko rashin tarbiyya? Wa ya fara cewa cuta ce?

Likita Benjamin Rush na Philadelphia, ɗaya daga waɗanda suka sa hannu a takardar 'yancin kan Amurka, ya rubuta tun 1784 cewa yawan shan barasa cuta ce da ke karya ikon mutum a kan kansa. A 1864 aka buɗe asibitin mashaya a Binghamton ta jihar New York. Sai 'yan kasuwa suka hango riba. Wani likita, Leslie Keeley, ya buɗe cibiya a garin Dwight a 1879 yana yi wa mutane allura sau huɗu a rana, wai akwai zinariya a cikin maganin. Ya yi rassa sama da 100, ya tara dukiya, masu gwajin sinadarai kuma suka nemi zinariyar suka rasa. Abin dariyar, waɗanda suka amfana a wurinsa da alama zaman tare ne ya yi musu amfani: layin karɓar allura, da hirar dare, da ƙungiyar da tsofaffin majinyatan suka kafa wa kansu bayan an sallame su.

Maganar cuta ta samu gindin zama ne a ƙarni na 20. Marty Mann, ɗaya daga matan farko da suka samu lafiya a AA, ta kafa kwamitin wayar da kai a 1944, tana yawo gari-gari tana cewa mashayi majinyaci ne kuma ana iya taimakonsa. Ƙungiyar likitocin Amurka ta amince da haka a 1956, bincike na E. M. Jellinek ya biyo baya a 1960.

Har yau ana gardama. Masu suka na cewa kiran abin cuta na iya zama mafakar wanda ba ya son ɗaukar laifinsa. A ganina gardamar ta fi yawa a takarda. Ƙungiyoyin da suka fi nanata cewa cuta ce, su ne kuma suka fi matsa wa mutum ya je ya biya bashin da ya ci, ya nemi gafarar waɗanda ya cuta, kamar yadda za a gani a bayanin matakai.

Amurka ta taɓa haramta giya da doka. Me ya sa hakan bai magance matsalar ba?

Dokar ta fara aiki a watan Janairun 1920, aka soke ta a Disambar 1933. Shan ya ragu, musamman a farko, ciwon hanta ma ya ragu. Amma fasa-ƙwauri ya bunƙasa, irin su Al Capone suka yi ƙarfi a Chicago, gurɓatacciyar barasa ta kashe mutane. Ga kuma wata asara da ba a cika ambata ba: yawancin gidajen jinyar mashaya sun rufe, tunda an ɗauka doka ta gama da matsalar. Wanda ya riga ya kamu sai ya zama ba shi da wurin zuwa in ban da kurkuku ko asibitin mahaukata.

Masanin halayyar ɗan Adam ɗan Sudan, Malik Badri, ya kwatanta wannan da yadda aka haramta giya a Madina daki-daki: aya ta 219 a Baƙara, sai ta 43 a Nisa'i, sannan ta 90 da 91 a Ma'ida. Bukhari ya ruwaito Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana cewa da hana giya ne ya fara sauka, da mutane sun ce ba za su taɓa barinta ba.

Yaya AA ta samo asali?

Cikakken sunanta Alcoholics Anonymous. Bill Wilson dillalin hannayen jari ne a New York, giya ta raba shi da aiki da dukiya, matarsa Lois ce ke aiki a kanti tana ciyar da gidan. A watan Nuwambar 1934 tsohon abokin shansa, Ebby Thacher, ya ziyarce shi garau ba maye. Ya ce ya samu sauƙi ne a wata ƙungiyar Kiristoci ta Frank Buchman da ake kira Oxford Group, inda ake koyar da furta laifi, mayar da haƙƙi da miƙa wuya ga Ubangiji. A Disamba Bill ya sake kwanciya a asibitin Towns. Likitansa William Silkworth ya riga ya bayyana masa ra'ayinsa, cewa jikin mashayi ba ya iya tsayawa idan ya fara, zuciyarsa kuma ba ta barin sa ya ƙi farawa. A wannan kwanciyar Bill ya ce ya ga wani haske ya lulluɓe ɗakin, bai kuma sake sha ba har ya mutu a 1971.

Ya yi wata wajen shida yana bin mashaya da wa'azi, ko mutum ɗaya bai daina ba. Lois ce ta nuna masa cewa ai shi bai sha ba duk tsawon lokacin. Silkworth kuma ya ce ya rage wa'azin, ya fara da labarin ciwon. A watan Mayun 1935 kasuwanci ya kai shi Akron ta jihar Ohio, cinikin ya rushe, ya samu kansa a otal shi kaɗai, mashaya na gefe guda. Maimakon ya shiga, sai ya kama buga waya yana neman wani mashayi da zai yi magana da shi, don ya ceci kansa. Aka haɗa shi da Bob Smith, likitan tiyata da giya ta kusa kashe wa sana'a. Bob ya ce minti goma sha biyar kawai zai ba shi. Sai da suka yi kusan awa shida.

Ranar 10 ga Yuni, 1935, wadda aka ce ita ce ranar shan Bob na ƙarshe, ita AA ke ɗauka ranar kafuwarta. A 1939, suna mutum kusan 100, suka buga littafin da ƙungiyar ta ɗauki sunansa. Wani rahoto da ɗan jarida Jack Alexander ya rubuta a mujallar Saturday Evening Post a watan Maris 1941 ya ɗaga yawansu daga kusan 2,000 zuwa kusan 8,000 kafin ƙarshen shekarar. Yau ƙungiyar na ƙiyasta mambobinta kusan miliyan 2 a ƙasashe wajen 180.

Mene ne matakai goma sha biyu da ake ta ambata?

Ukun farko amincewa ne: giya ta fi ƙarfina, rayuwata ta kuɓuce mini, akwai wani Iko da ya fi ni wanda zai iya dawo mini da hankalina, na miƙa masa al'amarina. Na huɗu da na biyar, mutum ya zauna ya rubuta halayensa da laifukansa ba ɓoye-ɓoye, ya karanta wa mutum ɗaya da ya amince da shi. Na shida da na bakwai roƙon Allah ne ya cire masa munanan halayen. Na takwas da na tara su ne masu wuya: ya jera sunayen duk waɗanda ya cuta, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya gyara, sai fa inda yin hakan zai jawo musu wata cutar. Na goma da na sha ɗaya, bibiyar kai kullum da addu'a. Na ƙarshe, ya kai saƙon ga wani mai shan wahala.

A cikin sha biyun, matakin farko kaɗai ya ambaci giya. Sauran duk gyaran hali ne da gyaran mu'amala. Ba a bin su mutum shi kaɗai. Sabon shiga kan zaɓi wani tsohon hannu ya zama jagoransa, wanda zai iya buga wa waya ko tsakar dare ne idan sha'awar ta taso.

Me ya sa suke ɓoye suna, kuma da gaske ba sa karɓar gudummawa?

Da farko kunya ce da tsoron rasa aiki. Daga baya abin ya zama garkuwa ga ƙungiyar kanta. Ƙa'idoji goma sha biyu da Bill ya wallafa a 1946, aka amince da su a babban taron Cleveland na 1950, sun ce: sharaɗin shiga ɗaya ne, son daina sha, ba a bayyana cikakken suna a jarida ko rediyo, ƙungiya ba ta da ra'ayi kan siyasa ko wata gardama ta waje, shugabanni masu hidima ne, ana juya muƙami, ba a karɓar kuɗin wanda ba mamba ba. Ko mamba akwai iyakar abin da zai iya bayarwa a shekara.

Batun kuɗin ba da son ransu ya fara ba. A 1938 sun nemi attajiri John D. Rockefeller ƙarami ya ba su tallafi, aka ba shi shawarar dala 50,000, ya ƙi, yana tsoron kuɗi zai ɓata abin. Dala 5,000 ya bayar. Sun ji haushi a lokacin, daga baya suka gode. Bill kansa ya ƙi karɓar digirin girmamawa daga jami'ar Yale a 1954, yawancin jama'a ma ba su san cikakken sunansa ba sai a sanarwar mutuwarsa. Idan aka ajiye wannan kusa da labarin Keeley da na Synanon da ke ƙasa, za a ga abin da suka tsere wa.

Wannan ba Kiristanci ba ne a fakaice? Musulmi zai iya shiga?

Tushen na Kirista ne, ba a musun wannan. AA ta rabu da Oxford Group tun ƙarshen shekarun 1930, aka kuma sassauta lafazin matakan ya zama Allah gwargwadon yadda kowa ya fahimce shi, saboda matsin wasu mambobi da ba su yarda da addini ba. Duk da haka tarurruka da yawa a Amurka suna rufewa da addu'ar Kirista. A 1996 kotuna biyu, ɗaya a New York ɗaya ta tarayya, suka yanke cewa akwai addini a cikin shirin daidai yadda gwamnati ba za ta tilasta wa fursuna halarta ba.

Musulmin da ya karanta matakan zai ga abin da ya sani a babin tuba: nadama, dainawa, ƙudurin rashin komawa, da mayar da haƙƙi ga mai shi. Zai tuna da hadisin Bukhari kan mutumin da aka yi ta kawowa saboda shan giya har wani ya tsine masa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, ya ce mutumin yana son Allah da Manzonsa. Inda aka fi samun taraddadi shi ne mataki na biyar, saboda hadisin da ya gargaɗi mai tona asirin kansa bayan Allah ya rufa masa. Amsar da masu bin shirin ke bayarwa ita ce, faɗa wa amintacce ɗaya don neman magani daban yake da bugun ƙirji da saɓo a majalisa. Wanda abin ya tsaya masa a rai ya tambayi malaminsa.

Musulmi sun daɗe da yin nasu. A 1989 aka kafa Millati Islami a Baltimore, garin da 'yan Washington suka fara, aka sake rubuta matakan bisa Alƙur'ani da sunna. A duba kuma labarin Iran a tambaya ta gaba.

Ɗana ba giya yake sha ba, ƙwaya ce da sirop. Akwai tasu?

Akwai. AA ta tsaya kan giya kaɗai, shi ya sa a 1953 Jimmy Kinnon da wasu suka kafa Narcotics Anonymous, wato NA, a kudancin Kalifoniya. Sun canza kalma ɗaya mai muhimmanci a matakin farko: maimakon giya suka sa jaraba, don haka ba ruwansu da ko wiwi ce ko kodin ko hodar ibilis. Sun sha wuya fiye da AA, domin 'yan sanda kan sa ido a taron masu shan ƙwaya, a 1959 ma ƙungiyar ta kusa mutuwa. Sai a 1983 suka buga babban littafinsu, daga nan ta bazu. Masu caca sun kafa tasu a 1957, masu jarabar ci a 1960.

Ƙasar da ta ba kowa mamaki ita ce Iran, maƙwabciyar Afganistan inda ake noman opiyom. NA ta shiga can a shekarun 1990, yau ita ke bin Amurka a yawan tarurruka, maza nasu daban mata nasu daban. A Tehran akwai kuma ƙungiyar Congress 60 da Hossein Dezhakam ya kafa a 1998, wadda ke haɗa zaman ƙungiya da rage magani sannu a hankali da motsa jiki.

Mijina ne ke sha, ni ce ke shan wahala. Ni ina nawa wurin?

'Yar'uwa, matan mashayan farko sun riga ki yin wannan tambaya. Lois Wilson ta ba da labari da bakinta cewa wata rana, bayan Bill ya daina sha, ya ce ta shirya su tafi taro, ta ciro takalmi ta jefe shi. Shekarun da ta yi tana ƙoƙarin cetonsa ba su yi ba, baƙi sun zo sun yi, ita kuma an bar ta da ɓacin rai. Matan da ke jiran mazajensu a kicin suka fara zama nasu, a 1951 ya zama ƙungiyar Al-Anon, ta 'ya'ya kuma ta biyo a 1957. Abin da suke nanata wa juna uku ne: ba ke kika jawo ba, ba ki da ikon sarrafa shi, ba ke za ki warkar ba.

Idan abin da kike so shi ne ya yarda ya je asibiti, akwai hanyar da aka gwada. Wani bincike na 1999 da William Miller da Robert Meyers suka jagoranta a New Mexico ya kwatanta hanyoyi uku. Iyalan da aka koya wa yin magana ba faɗa, da kyautata wa mutum ranar da bai sha ba, da daina rufe masa ɓarnar da ya yi, kashi 64 cikin 100 nasu sun shiga jinya. Hanyar tara dangi a ritsa shi ta samu kashi 30, tura iyali Al-Anon kaɗai kashi 13. In kuwa akwai duka a ciki, tsira da lafiyarki da ta yara ita ce gaba da komai.

Ina alaƙar wannan da littattafan gina kai da ke cika kasuwa?

Dangi ne na nesa. Samuel Smiles, ɗan Sukotilan, ya buɗe wannan kasuwa a 1859 da koyarwar cewa himma da haƙuri su ke ɗaga mutum. Dale Carnegie a 1936 da Norman Vincent Peale a 1952 suka ɗora. Saƙonsu shi ne ƙarfin yana cikinka. Matakin farko na AA kuwa cewa yake ƙarfinka ya ƙare, nemi wasu. A shekarun 1980 hanyoyin biyu suka cakuɗe a Amurka, littattafai da shirye-shiryen talabijin suka ɗauki yaren masu murmurewa suka shafa wa komai, daga soyayya har sayayya. Marubutan sun yi kuɗi, tarukan kuma suka ci gaba da zagaya kwandon kuɗin shayi.

Kowace ƙasa tsarin Amurka ta kwafa?

A'a. A Japan ƙungiyar Danshukai, wadda ta fara a Kochi a 1958 ta zama ta ƙasa a 1963, ta ajiye ɓoye suna da batun Iko mafi girma. Mutum da sunansa yake tashi, matarsa na zaune a wurin, ita ma ta faɗi nata. A Zagreb likita Vladimir Hudolin ya fara kulob na iyalai a 1964, inda gida duka ake ɗauka majinyaci, tsarin ya bazu a Italiya daga 1979. A Tailan, gidan ibadar Buda na Thamkrabok tun 1959 yake karɓar masu shan opiyom, ana ba su jiƙon da ke sa amai, su ɗauki rantsuwa mai nauyi. Ga al'umma irin tamu da ba a raba mutum da danginsa, ina ganin na Japan da na Hudolin sun fi cancanta a nazarta.

Cibiyoyin jinyar mashaya na kwana 28 daga ina suka samo asali?

Daga jihar Minnesota. An buɗe Hazelden a wani gidan gona a 1949, asibitin gwamnati na Willmar kuma ya fara ɗaukar tsofaffin mashaya aiki a matsayin masu ba da shawara, tare da likita da malamin addini. Kwana 28 ɗin ba wani sirri ne na jiki ba, tsari ne da kamfanonin inshora suka amince su biya sai ya zauna. Abin ya yi suna bayan Betty Ford, matar tsohon shugaban Amurka, ta fito fili a 1978 ta ce giya da ƙwayoyin asibiti sun kama ta, ta kuma buɗe cibiyarta a 1982.

Wasu na cewa ɗan ƙwaya sai da mari da bulala. Tarihi ya goyi bayansu?

Bai goya ba. Amurka ta buɗe wani katafaren gidan tsare masu shan ƙwaya a Lexington ta jihar Kentucky a 1935, rabi asibiti rabi kurkuku. Binciken da aka bi waɗanda aka sallama ya nuna kusan tara cikin goma sun koma. Sai Synanon, wadda Charles Dederich, tsohon ɗan AA, ya kafa a Santa Monica a 1958. Hanyarsa ita ce a zaunar da mutum a tsakiya a yi ta zaginsa har ya karye. Jaridu suka yaba, kuɗi suka shigo, Dederich ya ce ba mai fita har abada. Aka koma aske kai, raba ma'aurata, tilasta wa maza tiyatar hana haihuwa. A 1978 mabiyansa suka saka maciji mai dafi a akwatin wasiƙun lauya Paul Morantz da ya yi nasara a kansu a kotu, ya sare shi, da ƙyar ya rayu. Da aka je kama Dederich, a buge aka same shi. Ƙungiyar ta rushe a 1991.

Mu ma mun ga namu. A watan Satumbar 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon duka, wata guda bayan haka aka buɗe wani a Daura. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugunta ta kai su ba, rashin wurin zuwa ne. Amma duk wurin da aka hana ka ganin ɗanka, mutum ɗaya ke da wuƙa da nama, kuma ba likita, to ka ɗauko shi.

A taƙaice, abin yana aiki?

Yana yi wa wasu, gwargwado. A 2020 John Kelly da Keith Humphreys da Marica Ferri suka tattara bincike 27 da suka shafi mutum 10,565 ƙarƙashin cibiyar Cochrane. Waɗanda aka bi da su ta tsararriyar hanyar shigar da su AA, kusan kashi 42 cikin 100 ba su sha ko kaɗan ba har shekara, sauran hanyoyin ba da shawara kuma kashi 35. Wannan kan giya ne. Masu binciken na ganin babban dalilin shi ne canjin abokan zama.

Yaƙin Biyetnam ya ba da wata shaidar. Kusan ɗaya cikin biyar na ƙananan sojojin Amurka sun kamu da jarabar hiroyin a can. Lee Robins ta bi su bayan sun dawo gida, ta tarar kashi 5 kacal cikin waɗanda suka kamu ne suka sake kamuwa a shekarar farko. Wuri ya canza, abokai sun canza, kayan ba sa kusa.

Wanda matakan ba su kwanta masa ba fa? Kuma shan magani ya saɓa wa shirin?

Akwai wasu ƙofofin. Jean Kirkpatrick ta kafa ƙungiyar mata zalla a tsakiyar shekarun 1970, tana cewa macen da kunya ta riga ta danne ba ƙarin ƙanƙan da kai take buƙata ba. SMART Recovery ta 1994 dabarun sarrafa tunani take koyarwa, ba batun addini. A wannan shekarar Audrey Kishline ta kafa ƙungiyar masu son rage sha kawai. A 2000 ta tuƙa mota a buge ta kashe wani uba da 'yarsa. Masu adawa suka ce ga sakamakon ragewa, magoya baya suka tuna musu cewa watanni kafin hatsarin ta bar ƙungiyar ta koma AA.

Batun magani ya fi haɗari. Vincent Dole da Marie Nyswander sun nuna a New York a tsakiyar shekarun 1960 cewa maganin metadon na daidaita masu jarabar hiroyin, kuma bincike ya tabbatar shi da bufurenofin suna rage mutuwa da kusan rabi. Wasu tarukan NA ba sa ɗaukar mai shan su a matsayin wanda ya daina. Ita AA a rubuce ta ce kada mamba ya mai da kansa likita. Duk jagoran da ya ce ka ajiye maganin da likita ya rubuta maka, ya wuce gona da iri.

Ya daina wata takwas, ga shi ya koma ruwa. An yi asara kenan?

Komawa ruwa abu ne da aka saba gani, ƙiyasin masana kashi 40 zuwa 60 cikin 100, kusan daidai da masu hawan jini da ke sakaci da magani. Shi ya sa ƙungiyoyin ba sa ɗaukar alkawarin har abada, na yau kaɗai ake ɗauka. Sista Ignatia, wadda ta yi aiki da Bob a asibitin St. Thomas na Akron, takan ba wanda aka sallama 'yar lambar wuya da sharaɗin ya dawo mata da ita kafin ya kai kofi baki. Haɗarin da iyali ya kamata su sani shi ne, jikin da ya huta ba ya ɗaukar adadin da ya saba a da, don haka shan farko bayan dogon hutu shi ya fi kisa ga masu tiramol da kodin da hiroyin.

Za mu iya kafa irin wannan zama a unguwarmu?

Buƙatar dai a fili take. Binciken ƙasa na 2018 da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi da hukumar ƙididdiga ta Najeriya ya gano mutum miliyan 14.3, kashi 14.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, ɗaya cikin huɗu mace ce, kusan miliyan 3 kuma sun kai matakin buƙatar jinya. A watan Mayun 2018 ne gwamnati ta haramta sirop mai kodin bayan rahoton BBC.

A ƙa'idar AA, mutum biyu ko uku da suka haɗu don daina sha sun isa ƙungiya, muddin ba su jingina ta ga wata jam'iyya ko kamfani ba. Ana buƙatar ɗaki mai sirri, lokaci tsayayye, zaman mata daban, da yarjejeniyar cewa abin da aka ji a ciki ba ya fita. Liman ko mai unguwa na iya ba da wuri, amma jan zaman na waɗanda abin ya shafa ne. Kafin wanda ya daɗe yana shan giya ko ƙwayoyin barci ko tiramol ya yanke, ya fara ganin likita, domin yankewa farat ɗaya na iya kawo jijjiga da ruɗewa, a giya da ƙwayoyin barci har da mutuwa. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da Maiduguri, da asibitin Dawanau a Kano, suna karɓar irin waɗannan majinyata, ofisoshin NDLEA na jihohi kuma suna da sashen ba da shawara.